Kuɗin asibiti: tsakaninmu da mutanen wasu ƙasashe, wa ya fi jin jiki?

Tela na Bakin Kasuwa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya, na ce bari in kawo ta nan. Kun san makon jiya ƙaba ta murɗe wa Baba da tsakar dare, muka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Alhamdulillahi ya samu sauƙi, har ya fara shan kunu. Amma kafin a sallame mu na sayar da tumaki biyu da buhun riɗin da na ajiye don sayen taki, kuma har yanzu mai kemis yana bina. Shekaranjiya ɗan ƙanin babana da ke Ingila ya kira yi wa Baba sannu, yake ce mini shi ma bara an yi masa aikin ciki, ko sisi bai fitar ba, har abinci ake kawo masa kan gado. To ni abin da ban gane ba: mu da ake kira talakawa mu ne muke biya, su masu kuɗin kuma ana yi musu kyauta? Ko dai cika baki ɗan uwan nawa yake yi?

Maman Khalifa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Sannunku da jinya.

Alhaji Mai Shanu:
Allah ya ba shi lafiya. Tumaki kuma Allah ya mayar da alheri. Amma ka bar zancen Turawa, Tela, babu abin kyauta a ƙasarsu. Ko ruwan sha sai ka biya.

Na Ingila:
Yaya, ina cikin zauren nan fa, kada ka sa a ce na yi maka ƙarya. Abin da na faɗa maka haka yake, ranar da aka kwantar da ni ban ciro ko kwabo ba. Amma Alhaji ma bai yi kuskure ba. Tsarin nan da ake kira NHS tun 1948 aka kafa shi, kuma da haraji ake tafiyar da shi. Duk wata kafin albashina ya shigo hannuna an riga an zare na gwamnati. Mu baƙi kuma akwai wani ƙari: duk shekarar biza sai ka biya kuɗin lafiya fam 1,035 a kan kowane baligi, kuma gaba ɗaya ake karɓa lokacin neman bizar. Ni da mai ɗakina ku lissafa. Idan likita ya rubuta maka magani ka je kanti ka karɓa, a nan Ingila fam 9.90 ne kowane magani ɗaya, sai dai yara da tsofaffi da masu ciki ba sa biya. Kenan ina biya, Yaya. Bambancinmu shi ne ni na biya ina da lafiya, kaɗan-kaɗan, kai kuma ka biya Baba yana kwance yana nishi, ba ka da bakin ciniki.

Kuma kada ku ɗauka aljanna ce. Idan ciwon ba na gaggawa ba ne, kamar aikin gwiwa, mutum sai ya yi wata da watanni yana jiran layi. Likitan haƙori kuwa kada ma a yi zancensa.

Alhaji Mai Shanu:
Ka ji ko? Na faɗa. A Amurka ma na ji an ce kwana ɗaya a asibiti ya isa ya cinye garken mutum. To mu gode wa Allah, namu da sauƙi.

Ɗan Jami'a:
Ranka ya daɗe Alhaji, a nan ne zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Akwai abu biyu da ake haɗawa alhali ba ɗaya ba ne. Akwai yawan kuɗin da ake kashewa, akwai kuma wanda ya fitar da kuɗin.

Idan yawa ne, babu mai kama ƙafar Amurka. Kusan kashi 17 cikin 100 na duk arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara kan lafiya yake tafiya, idan aka raba a kan kowane mutum ya haura dala 12,000. Mu a Najeriya idan aka raba bai kai dala 100 ba. Amma cikin wancan tulin kuɗin na Amurka, abin da mutum ke zarowa daga aljihunsa kai tsaye a bakin asibiti ko kantin magani wajen kashi 10 ne zuwa 11. Sauran inshora ce da gwamnati. A Faransa ma ƙasa da kashi 10 ne. A Ingila bai kai kashi 20 ba. Mu kuwa, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, sama da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun magidanta yake fitowa. Wato cikin kowace naira 100 da aka kashe a kan ciwo a ƙasar nan, fiye da naira 70 irin kuɗin tumakin Tela ne. Ƙasashen da suka kai mu a wannan ba su da yawa a duniya.

Alhaji Mai Shanu:
Kai yaro, kashi 10 na dala 12,000 ai ya fi dala 1,000. Mu kuma ka ce gaba ɗaya bai kai dala 100 ba. To wa ya fi biya? Ba sai an je jami'a ba ake wannan lissafin.

Ɗan Jami'a:
Gaskiyarka Alhaji, a dala sun fi mu fitarwa nesa ba kusa ba. Amma kai da kanka ka san wanda ya yanka rago ɗaya cikin ɗari ba daidai yake da wanda ya yanka tunkiyarsa ɗaya tilo ba. Mafi ƙarancin albashi a nan naira 70,000 ne tun 2024, kuma mutanen garinmu nawa ne ma ke ɗaukar albashin? Masu wannan lissafi suna da ma'auni: idan gida ya kashe sama da kashi 10 cikin 100 na duk abin da yake kashewa a kan jinya, sun ɗauka ciwon ya karya gidan. Tela ya faɗi nasa, ku auna.

Ba ina cewa Amurka abin koyi ba ce. Miliyoyin mutane can ba su da inshora, kuma bashin asibiti na tsiyata mutane sosai. Cikin ƙasashen masu kuɗi ita ce ake kafa misali da ita idan ana zancen tsada.

Anti Nas:
Ku ba ni dama in sa baki, tunda shekara 14 ina zaune a ƙaramin asibitin ƙauye ina ganin abin da idona.

Ɗan Jami'a, alƙalumanka ba su ƙirga mutanen da ni suka fi tsaya mini a rai ba, wato waɗanda ba su zo ba kwata-kwata. Wanda ya kwanta a ɗaki yana shan jiƙo har Allah ya yi masa cikawa, a takardarku sifili ya kashe. Kamar ma ya taimaka wa lissafin ya yi kyau. Kuma ba wai mutanenmu ba su yarda da asibiti ba ne, kamar yadda 'yan birni ke son faɗa. Tsoron kuɗi ne. Yaro zai fara zazzaɓi ranar Litinin. A je kemis a ce a haɗa na ɗari biyar, mai kemis ya gutsuro ƙwaya biyu nan, uku can. Laraba jiki ya ɗan yi sanyi, a ce ya warke. Juma'a zazzaɓin ya dawo, a kira mai allura. Sai ranar Lahadi da yaro ya fara jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari fat, sannan a ɗauko shi a babur a kawo mini. A lokacin ni babu abin da zan iya sai in rubuta takarda a wuce babban asibiti a ƙara masa jini. Zazzaɓin cizon sauron da gwaji ɗaya da maganin kwana uku za su kashe, ya koma kuɗin mota, kuɗin gwajin jini, ledar jini, ƙarin ruwa, kwana biyar a gado. An gudu daga biyan kaɗan an faɗa biyan mai yawa. Amma ban taɓa iya yi wa uban yaro faɗa ba, domin na san ranar Litinin ɗin ɗari biyar ɗin ce kawai a aljihunsa.

Sannan akwai kuɗin da babu mai rubutawa. Shatar mota daga ƙauye da daddare. Abincin majinyaci da na masu jinya biyu ko uku. Gonar da aka bari ciyawa ta cinye, tunda ciwo ya fi yawa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aiki ya fi yawa. Mu nan watan Agusta da Satumba har a tabarma muke kwantar da yara.

Maman Khalifa:
Anti kin gama magana. Kuma ku maza idan kuna lissafi, tumaki da buhu kawai kuke ƙirgawa. Ba ku ƙirga ɗan kunnen da aka sayar ba, da kwanukan jere, da kwasar adashin da mace ta yi wata takwas tana zubi don ta sayi keken ɗinki. Ni da Khalifa ya kwanta, kafin babansa ya dawo daga cirani na riga na sayar da akuyata da 'ya'yanta biyu. Har yau idan yana ba da labari cewa yake shi ya biya kuɗin asibiti.

Alhaji Mai Shanu:
Hajiya a yi haƙuri, a rufa wa maigida asiri, yana cikin zauren nan.

Ɗan Maigatari:
Ni ku bar zancen Ingila da Amurka, sun yi mana nisa. Ga Nijar nan ƙofar gidanmu, duk ranar Alhamis muna tare da su a kasuwa. Tun 2006, zamanin Tandja, suka ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, aikin haihuwa ma kyauta. Ƙasar da ba ta kai mu kuɗi ba. Amma su da kansu za su gaya maka inda gizo ke saƙar: asibiti ya yi aiki kyauta, ya tura takarda gwamnati ta biya shi, kuɗin ya yi ta jinkiri, sai magani ya yanke. A ce maka kyauta ne amma je ka sayo a waje. Kyautar da babu magani a kanta ai sunanta kati kyauta.

Anti Nas:
Ai mu ma Jigawa muna da namu. Akwai tsarin kula da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma a Jahun ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta daɗe tana karɓar haihuwa da aikin yoyon fitsari ba a biya, mata har daga wasu jihohi suke zuwa. A ƙarshen 2024 ma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Waɗannan suna rage nauyi, ba zan yi butulci ba. Amma Baban Tela ba mai ciki ba ne, ba kuma yaro ba ne. Mai hawan jini da mai ciwon suga da za su sha magani har ƙarshen rayuwa fa? Su ne yanzu suka fi ba ni tausayi. Tun da aka saki naira a 2023 magani ya yi tashin gwauron zabo, domin mafi yawansa daga Indiya da Sin ake shigo da shi, ko shi ko kayan haɗa shi. Tsoho zai sha na mako biyu, kai ya daina ciwo, ya ajiye. Bayan wata uku a kawo shi ɓarin jiki ya shanye.

Ɗan Jami'a:
Ɗan Maigatari ya buɗe ƙofar da nake so. Duk lokacin da aka yi wannan zance sai a ce ai Turawa masu kuɗi ne. To ga waɗanda ba Turawa ba.

Ruwanda, wadda ta fito daga kisan ƙare dangi a 1994. Sun kafa asusun lafiya na al'umma, kowane gida yana zuba kaɗan sau ɗaya a shekara a kan kowane mutum, gwamnati ta biya wa waɗanda ba su da hali. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanensu suna cikin wani tsarin inshora, kuma abin da ke fita daga aljihu kai tsaye bai kai kashi 15 ba. Manoma ne fa kamar mu.

Ghana a da suna da abin da ake ce wa biya kafin a taɓa ka. A 2003, zamanin Kufuor, suka kafa inshorar ƙasa, suka ɗora kashi 2.5 a kan harajin kayan masarufi don ciyar da ita. Suna da nasu matsalolin na jinkirin biyan asibitoci, amma rabon da magidanci ke ɗauka bai kai rabin namu ba.

Tailan suka ce kowa ya biya kuɗinsu baht 30 kacal a duba shi, a wajen 2002. Indiya, wadda masu kuɗinmu ke tafiya dashen ƙoda, su ma shekaru goma da suka wuce sama da kashi 60 daga aljihu yake fita, amma sun yi ta sauko da shi, kuma a 2018 suka kawo tsarin da ke ɗaukar wa gidan talaka kuɗin kwanciya har rupi 500,000 a shekara.

Abin takaicin, a Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya. Sunan babban birninmu takardar take ɗauke da shi, amma kasafin tarayya yawanci wajen kashi 5 yake yawo.

Ba Ruwana:
Duk wannan karatu ne. Ni ma'aikaci ne, duk wata ana yankar mini kuɗin lafiya. Na kai ɗiyata, aka duba ta, aka ba mu farasitamol, aka rubuta sauran aka ce babu, mu saya a waje. To na biya sau biyu kenan. Ku ce in sake zuba kuɗi a wani asusu? A kai kasuwa.

Anti Nas:
Ban musa maka ba Malam, yana faruwa. Amma in tambaye ka, da aiki ne ya kama ɗiyar taka, Allah ya kiyaye, katin nan zai yi maka rana ko ba zai yi ba? Na ga ma'aikacin da aka yi wa matarsa aiki da kati, na ga manomin da ya jinginar da gona a kan irin aikin. A ranar farasitamol kati ba shi da daɗi. A ranar wuƙa ake sanin amfaninsa.

Ba Ruwana:
Allah kada ya kawo ranar wuƙar.

Ɗan Jidda:
Amin. Nan Saudiyya ɗan ƙasa kyauta ake duba shi a asibitin gwamnati, kuɗin mai ne. Mu baƙi masu aiki a kamfani dole mai gidanka ya yi maka inshora, in babu ita ba a sabunta maka iƙama. Amma 'yan uwanmu da ba su da takarda, su kam Allah kaɗai. Sai dai a yi karo-karo a unguwa, kamar dai gida.

Alhaji Mai Shanu:
To ni yanzu tambaya ɗaya ta rage mini, kuma ga Malam nan yana karantawa ya yi shiru. Ita inshorar nan ba caca ba ce? Ka zuba kuɗi, in ba ka yi ciwo ba sun tafi. Kamar mutum yana kiran ciwo da kansa.

Malam Na'ibi:
Alhaji, ina jin ku. Malamai sun rarrabe. Inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke karɓar kuɗinka don ya ci riba a kan abin da ba a san zai faru ko ba zai faru ba, mafi yawan malaman zamani sun hana ta saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke haka tun 1985. Amma a zama ɗaya ta halatta ta taimakekeniya, wadda jama'a ke zuba kuɗi da niyyar gudummawa, duk wanda jarrabawa ta faɗa wa a ɗiba a taimake shi. Ita ake kira takaful. Idan shekara ta ƙare ba ka yi ciwo ba, ba asara ka yi ba, lafiya ka samu, kuɗinka kuma ya yi jinyar ɗan uwanka, kana da lada. Ai mu ma muna yi ba mu sa masa suna ba. Duk Juma'ar da aka miƙe bayan sallah aka ce wane yana kwance, a taimaka, me ake yi? Illa dai namu sai ciwo ya ci ƙarfin mutum, ya zubar da mutuncinsa a gaban jama'a, sannan a tara abin da bai kai ba. Tanadi kuma ba ya kore tawakkali. Kai da kake ajiye harawa tun kaka ba kiran fari kake yi ba.

Alhaji Mai Shanu:
Allah ya gafarta Malam, ka kama ni da harawa.

Ɗan Jami'a:
Kuma a takarda dokokin suna nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da marasa ƙarfi. A 2022 Buhari ya sa hannu a dokar NHIA da ta ce inshorar lafiya dole ce a kan kowa. Jigawa tana da hukumarta, JICHMA, Kano tana da KSCHMA, kuma ba ma'aikata kaɗai aka yi wa su ba. Matsalar ita ce ma'aikaci ana yanka daga albashi, manomi kuma daga ina za a yanka? Kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa, da kaka. Duk tsarin da zai ce manomi ya biya wata-wata bai san ƙauye ba.

Maman Khalifa:
To a karɓa da kaka mana. Lokacin da aka sayar da riɗi da zoɓo kowa hannunsa da maiƙo. Ko a karɓi kwanon gero. Mu mata da za a bar mana abin wallahi da tuni an wuce wurin, adashinmu shekara 6 ba a taɓa cin kuɗin kowa ba.

Tela na Bakin Kasuwa:
Na gode jama'a, na samu amsata har da ƙari. Ashe ƙanina bai yi ƙarya ba, Alhaji ma bai yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai yanzu ba tumakin ba ne, farashin da na sayar da su ne. Dillali ya ga idona ya san a matse nake, ya taya yadda ya ga dama, na sallama. Da zan kai su kasuwa da sallah da na samu kusan ninki. Riɗin ma haka. Wato ciwon ya ci kuɗin asibiti, ya kuma ci ribar da ban gani ba, ga taki ban saya ba. Anti Nas, don Allah ki tambayo mana nawa ne rajistar mutum ɗaya a hukumar nan idan ba ma'aikaci ba ne, kuma ko ana karɓar ƙungiya. Mu teloli mun kai 20 a kasuwa.

Anti Nas:
Zan shiga Dutse ranar Talata, zan tambayo in sha Allah. Amma ku tambayi kanku tun yanzu wane asibiti za ku zaɓa, domin kati a asibitin da babu likita da daddare bai hana ku shatar mota ba.

Ba Ruwana:
Ni dai in namu ne na gari, ba na gwamnati ba, zan zuba. Amma wa zai riƙe kuɗin? Kun tuna kuɗin gyaran famfo?

Alhaji Mai Shanu:
Kada a tayar da zancen famfo a daren nan don Allah.

Maman Khalifa:
A tayar mana. Dubu nawa aka tara, Alhaji?

Malam Na'ibi:
A bari sai bayan sallar Juma'a, a zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Ba Ruwana, ka zo da littafin famfon, an ce yana hannunka.

Ba Ruwana:
Littafin yana hannuna. Kuɗin ne ba sa hannuna.